Ludayin Teburin Rajista

Litinin, uku ga wata

Taubashi,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, kai da madatsar ruwan nan taku da ba waya ba sabis, sai motar kaya sau ɗaya a mako kamar zamanin kakanni. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata ta hagu da ke tuna min shekaruna kowace safiya. Innarka ta ce in tambaye ka ko har yanzu a tsaye kake cin abinci.

To, ba gaisuwa ce ta sa na bi direbanku har tasha da ambulan a hannu ba. Manhajar nan da ka rubuta mana ta raba wa masu wankin ƙoda kujeru, wadda na tsaya gaban Babban Likita na bugi ƙirji na ce ɗan'uwana ne ya yi ta, ta fara zubar min da mutunci.

Ka san injinmu shida ne, kowanne mutum uku a yini, babu rara. Ranar Alhamis sai ga mutum biyu kowa da takardarsa, duka an buga inji na huɗu, ƙarfe takwas. Ɗaya malamar makaranta ce. Ɗayan wani dattijo ne mai gyaran agogo, Mai Agogo muke ce masa, mota biyu yake shiga kafin ya iso mu, kuma inji na huɗu yake so saboda yana bakin taga. Malama ta riga shi zama, har an sa mata allura. Shi kuwa ƙafafunsa sun kumbura, ya take bayan takalminsa yana jan su. Ni aka turo in ce masa ya dawo jibi. Bai yi faɗa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ya dubi agogon hannuna ya ce yana jinkirin minti huɗu, ya juya ya tafi.

Karo na biyu ke nan cikin wata guda. Babban Likita ya kira ni ofis, ko zauna bai ce min ba. Ya ce, "Shekara goma sha tara kina riƙe da teburin rajista da littafi da biro, ba a taɓa haɗa mutum biyu a kujera ɗaya ba. Ke kika kawo mana wannan abu. Aka sake na uku, ki bar teburin."

Don kakata da kakanka sun fito ciki ɗaya, ba shi zai sa in rasa teburina ba. Ka gyara abinka.

Taubashiyarka

Talata, goma sha ɗaya ga wata

Yaya Taubashiya,

Na samu wasiƙarki, ina amsa gaisuwa. Ina lafiya, aiki ne dai ya sha kaina. Ki ce wa Inna a zaune nake ci yanzu, wani lokacin. Gwiwa kuma ki rage hawan bene, ai kin san an kwana biyu.

Maganar manhaja, gaskiya na yi mamaki. Da wasiƙarki ta iso na buɗe ta a kwamfutata, na saka sunaye na gwaji har dubu, ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya ba ta haɗa mutum biyu ba. An rubuta ta ne ta yadda sai ta duba ta ga kujera ba kowa kafin ta ba da ita. Na sake karanta layin sau biyar, yana nan daram. Kwamfuta ba ta mantuwa, ba ta gajiya, ba ta hira a bakin aiki.

Ba wai ina zargin kowa ba ne, amma ki ɗan sa ido a kan 'yan matan nan biyu da ke ƙarƙashinki. Wataƙila wata ta buga wa mutum takarda, sannan ta goge sunansa bisa kuskure ta saka wani, ta ji tsoron faɗa miki. Yana faruwa. In da hali ki rubuto min yadda suke aikin dalla-dalla.

Ki kwantar da hankalinki, babu abin da zai taɓa teburinki.

Ƙaninki

Litinin, goma sha bakwai ga wata

Malam Injiniya,

Lafiya lau muke, gwiwa ta gode da shawarar likitan madatsar ruwa.

"Ba ta hira a bakin aiki." Kai jama'a! Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wasu. 'Yan matan da kake magana, Doguwa tana da 'ya'ya uku, 'Yar Gilashi kuwa ta girme ka da shekara biyu. Ban karanta musu wasiƙarka ba, don ina son ka ci gaba da samun mai amsa maka sallama in ka zo.

Ka ce in faɗa maka yadda suke aiki. Ga shi. Kowace Litinin ƙarfe takwas likitoci ke sauko da jerin sunayen mako. Kwamfuta biyu ce a teburin, kowacce da tata. Wadda ta fara gama rabonta ita ke fara zuwa ɗakin shayi tun ruwa na da zafi, don haka tsere suke yi, yatsu kamar ana ruwan ƙanƙara a kan kwano. Doguwa takan fara buɗe fayil ɗin mara lafiya sannan ta nemo masa inji, ita kuwa 'Yar Gilashi inji take fara buɗewa sannan ta nemo masa mara lafiya, kowa da yadda hannunta ya saba. Ba gogewa, ba ɓoye-ɓoye.

Kai ka gwada sau dubu kai kaɗai, ɗaya bayan ɗaya. To mu nan ba ɗaya bayan ɗaya muke ba! Ranar Laraba bayan an tashi na tsare su. Na ce kowacce ta zaɓi inji na biyu da sunan gwaji daban, ta ɗora yatsa ta jira. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku, suka danna tare. Sau goma muka yi. Sau uku abarka da ba ta mantuwa ta ba su duka biyun kujerar, har da rubuta musu "An yi nasara". Gani ya kori ji. Takardun shida suna cikin ambulan ɗin nan, ka yi musu firam.

Tun da ba zan zauna jiran motar kaya a kore ni ba, na shiga ɗakin shayi na ɗauko wani tsohon ludayin ƙarfe da ba wanda ya san mai shi. Na ajiye shi tsakanin kwamfutocin. Doka ɗaya ce: ba mai danna komai sai da ludayi a hannunta, in ta gama ta ajiye, ɗayar ta ɗauka. Na sa sun rantse. Aiki ya ragu da gudu, marasa lafiya na kallonmu kamar masu rabon miya, amma kwana huɗu ke nan ba a haɗa kowa ba.

Taubashiyarka, wadda ba ta yi jami'a ba

Talata, ashirin da biyar ga wata

Yaya Taubashiya,

Na miƙa wuya. Ki ba Doguwa da 'Yar Gilashi haƙuri a madadina, ko da ba su san na yi musu laifi ba. Lafiyata ƙalau, kunya ce kawai ke damuna.

Bari in faɗa miki abin da ke faruwa. A cikin manhajar, duk kwamfutar da ta nemi aiki akan ba ta ɗan ma'aikacinta na daban, mu muna ce masa zare. Zaren Doguwa da zaren 'Yar Gilashi tare suke gudu. Kowanne abu biyu yake yi: ya duba ko kujera ba kowa, sannan ya rubuta suna. Tsakanin dubawar da rubutawar akwai 'yar rata, ba ta kai ƙiftawar ido ba. In suka danna tare, na farko ya duba ya ga ba kowa, kafin ya rubuta na biyu ma ya duba ya ga ba kowa. Duka biyun gaskiya suka gani, duka biyun suka rubuta. Ni da nake gwaji ni kaɗai, ko shekara zan yi ba zan faɗa cikin ratar nan ba.

Abin da zai ba ki dariya, ludayinki shi ne maganin da ke cikin littattafanmu. Makulli muke ce masa. Zare ya riƙe makulli, ya duba, ya rubuta, ya saki. Wanda bai samu ba ya jira. Wata uku aka yi ana koya mana wannan, ke kuwa kin tsinto shi a ɗakin shayi.

Sai dai ludayi ɗaya yana jawo jinkiri, kamar yadda kika gani. Me zai sa mai aikin inji na ɗaya ta jira mai aikin inji na shida? Don haka na yi abin da ya fi. Kowane inji na ba shi makullinsa, kowane fayil na mara lafiya ma da nasa. Wadda ta buɗe abu ta riƙe makullinsa har ta gama. Ta haka kowa za ta yi gudunta, ba mai taka ƙafar wata. Na yi alfahari da wannan aikin, ba zan ɓoye miki ba.

Ga gyararriyar manhajar a filashi cikin ambulan, na naɗe shi da takarda. Ki saka, ki danna inda na yi wa ja. Ki mayar da ludayi ɗakin shayi da godiyata.

Ƙaninki

Laraba, ashirin da shida ga wata

Yaya,

KADA KI SAKA FILASHIN.

Yau ina cin abinci, a tsaye, na sake karanta wasiƙarki, sai idona ya faɗa kan layin da na tsallake na ɗauka labarin ofis ne: Doguwa daga mara lafiya take farawa, 'Yar Gilashi daga inji. Cokali ya faɗi daga hannuna. In suka haɗu a kan mutum ɗaya da inji ɗaya, Doguwa za ta riƙe makullin fayil tana jiran na inji, 'Yar Gilashi ta riƙe na inji tana jiran na fayil. Ba mai saki sai ta samu na ɗayar. Haka za su yi cirko-cirko har tashin duniya.

Motar kaya ta tafi tun jiya. Na roƙi mai gadi, na roƙi shugaban sashe, ba abin hawa sai Talata mai zuwa. Ina rubuta wannan ina addu'a gwiwarki ta hana ki zuwa aiki.

Ƙaninki

Laraba, uku ga sabon wata

Taubashi,

Gargaɗinka ya iso yau da hantsi, cikin ƙoshin lafiya, kwana biyu bayan an yi jana'izar mutuncina. Ihu bayan hari. Mu ma muna lafiya, tunda dole a faɗa.

Na saka filashinka ranar Asabar, na mayar da ludayi da godiyarka kamar yadda ka ce. Litinin ƙarfe takwas jerin sunaye ya sauko. Tun abin da ya faru kowa tausayin Mai Agogo take ji, kowa so take ta fara sallamarsa. Doguwa ta buɗe fayil ɗinsa, 'Yar Gilashi ta buɗe inji na huɗu don ta saka shi. Shi ke nan. Wani ɗan da'ira ya fito a kan gilashin kowacce yana juyawa. Muka jira minti ɗaya, muka jira biyar. Doguwa ta bubbuga, 'Yar Gilashi ta cire gilashinta ta goge ta mayar, da'ira na nan yana juyawa abinsa. Mutum talatin a ɗakin jira, wasu ba sa iya tsayuwa, wata tsohuwa tana ce min, "'Yar nan, ko wuta aka ɗauke?" Ga fitila na ci a kanta.

Minti arba'in muka yi. Daga ƙarshe na durƙusa da wannan gwiwar na shiga ƙarƙashin tebur na zare waya daga bango. An yi gudun gara an faɗa gidan zago! Da can aƙalla tana aiki tana ƙarya, yanzu ta koma gaskiya ba ta aiki.

Babban Likita ya sauko da kansa ya same ni rabin jikina a ƙarƙashin tebur. Ya ce ba a haɗa kowa ba, don haka ba zai lissafa shi na uku ba, amma in sani saura ƙiris. Na ce a bar ni in koma littafi da biro. Ya ce an riga an kwashe fayilolin kowa an zuba a kwamfuta, bisa shawarar wa?

Na mayar da tsohuwar manhajar, na koma ɗakin shayi na ɗauko ludayina a gaban kowa. Mai shara har da tafa min.

Layi guda na rubuta maka, da hannuna, da Hausar da ka sha a nono, ka tsallake shi don ka ɗauka surutun mata ne. Ba kwamfutarka ce ta ba ni haushi ba, wannan ne.

Taubashiyarka

Talata, tara ga wata

Yaya Taubashiya,

Ba ni da bakin magana. Gaskiyarki ce, na tsallake layin, kuma dalilin da kika faɗa shi ne dalilin. Ki yafe min.

Ga filashi na biyu. Abu biyu na canza. Na farko, ko daga ina ma'aikaciya ta fara, a can ciki zaren sai ya fara ɗaukar makullin inji kafin na fayil, kullum, ba sauyi. In kowa na bin layi ɗaya, ba yadda za a yi wani ya riƙe abin da ɗan'uwansa ke jira alhali shi ma yana jiran nasa. Doguwa ta ci gaba da yadda hannunta ya saba, ba za ta ga bambanci ba. Na biyu, duk zaren da ya jira daƙiƙa uku bai samu ba, zai saki abin da ke hannunsa ya ce a sake gwadawa.

Wannan karon ban gwada ni kaɗai ba. Na jawo mai dafa mana abinci da ma'ajin kayan aiki, na zaunar da su a kwamfuta biyu, na ƙirga musu ɗaya, biyu, uku irin naki, sau ɗari biyu. Mai abinci ya ce in na sake kiransa zai zuba min gishiri a shayi. Ba a haɗa ba, ba ta tsaya ba.

Na kuma haɗo da wasiƙa zuwa ga Babban Likita, na bayyana masa cewa kuskuren duka nawa ne. Ki miƙa masa don Allah. Ki riƙe ludayi kwana kaɗan kawai, mun kusa.

Ƙaninki

Litinin, ashirin da biyu ga wata

Taubashi,

Ina gaisuwa. Ka ga na yi shiru mako biyu, ba fushi ba ne, ko kuma ba fushi kaɗai ba ne. Innarka na lafiya. Gwiwa ma ta samu sauƙi, yanzu ba na hawan bene.

Filashinka ya iso ranar Laraba goma ga wata. Abin da zan ba ka labari ya faru ranar Litinin takwas ga wata, kafin ya iso.

Ranar Juma'ar da ta gabace ta aka kira Doguwa daga makaranta, ƙaramin ɗanta ya faɗi ya fasa goshi. Ta tattara kayanta a gigice, ta haɗa da ludayi ta jefa a jaka. Asabar ba ta da aiki. 'Yar Gilashi ta zauna ta naɗe hannu, ga layi har ƙofa, ta ce wallahi ta yi rantsuwa ba za ta danna komai ba sai da ludayi. Na ce ke kaɗai ce yau, wa za ki yi karo da shi? Ta ce rantsuwa rantsuwa ce. Don in huta da ita na shiga ɗakin shayi na ɗauko cokali na danƙa mata, na ce ga ludayin yau.

Litinin da safe Babban Likita ya kira ni taro ƙarfe takwas saura. Doguwa ta iso da ludayinta a jaka. 'Yar Gilashi ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko cokalinta. Ba wanda ya faɗa wa ɗaya labarin ɗaya, don ni ce ya kamata in faɗa, kuma ina sama ina jin jawabi a kan tsafta. Kowacce da abinta a hannu, kowacce ta cika alkawari, kowacce kanta a sunkuye tana tsere. Ka ga makullin ma in ya zama biyu a ƙofa ɗaya, sunansa babu.

Inji na huɗu, Alhamis, ƙarfe takwas, an sake haɗa mutum biyu. Ba sai na faɗa maka wa aka mayar gida ba. Bai kai gida ba ma. A tashar mota ya faɗi, numfashi ya gagare shi, wasu bayin Allah suka dawo mana da shi a bayan mota. Kwana biyar ya yi a kwance.

Doguwa ta zo tana kuka za ta hau sama ta ce ita ce. Na ce ta zauna, 'ya'ya uku gare ta. Wasiƙarka ma ban miƙa ba, tana cikin jakata. Ka rubuta ta da kyau, amma cokalin ba kai ka ɗauko shi ba. Na hau na faɗa wa Babban Likita yadda aka yi. Bai ɗaga murya ba. Yanzu ina ɗakin ajiyar tsofaffin fayiloli, ƙasan bene, kusa da injin wanki. 'Yar Gilashi ce a kujerata.

Manhajarka kuwa tana aiki, Allah ya isa tsakanina da ita. Kafin in sauko na ƙirga musu ɗaya, biyu, uku har sau hamsin, ko gezau. Jiya na ji Babban Likita yana nuna wa baƙi ita yana cewa a nan aka ƙera ta.

Ga ludayin nan a cikin kwali, na biya direba ladan ɗauka. Ka rataye shi a saman kwamfutarka. Duk ranar da ka ji kana alfahari da wani aiki, ka ɗaga kai ka dube shi, ka je ka nemo mutum na biyu. Kuma in mace ta rubuto maka, ka karanta har ƙarshen layi.

Shekaranjiya Mai Agogo ya sauko ƙasan benen nan da sandarsa, yana tsayawa a kowace matakala. Na miƙe zan ba shi haƙuri, ya ɗaga min hannu. Ya ce in ciro agogon hannuna. Ya zauna a kan kwalin fayil, ya fito da ɗan gilashinsa ya maƙala a ido, ya buɗe bayan agogon da farce. Minti goma ya yi yana gyara shi. Da ya ɗaura min sai ya ce, "Yanzu in na iso, wa zan gaisar a teburin?"

Agogona daidai yake yanzu. Ƙarfe takwas na bugawa nakan ji su a sama suna jan kujeru suna buɗe taga, ni kuwa ba mai jirana.

Ka gaida mai abinci.

Taubashiyarka